Yadda Ake Ratsawa da Masu Sauraro Daga Batu Zuwa Batu a Jawabi

Mai karatu yana iya komawa baya idan zaren magana ya kuɓuce masa, amma mai sauraron jawabi ba shi da wannan dama, saboda haka wajibi ne mai magana ya riƙa nuna masa inda aka baro da inda aka dosa. A ɗauki misalin malamin gona da zai yi wa manoma bayanin adana wake a buhun PICS, wato buhu mai ninki uku da aka ƙirƙiro a Jami'ar Purdue ta Amurka.

Da farko, bayan sallama da gaisuwa, sai ya faɗi yawan batutuwansa tare da sunayensu: "Abubuwa uku za mu tattauna, shanya wake, duba buhu, da ɗaure shi." Zai fi kyau kada su wuce uku ko huɗu, kuma sunan da ya ba kowane batu a nan shi zai ci gaba da kira har ƙarshe.

Mataki na biyu shi ne rufe batu kafin a buɗe wani, kuma jimla ɗaya ta isa: "To, mun ji cewa sai wake ya bushe sarai, an sheƙe shi, kafin a zuba."

Mataki na uku ya fi sauran wuya, wato haɗa batun da aka rufe da wanda ke tafe. Masu jawabi da yawa sun dogara da "sannan kuma", suna maimaita ta har ta gundiri jama'a, alhali iyakar abin da take sanarwa shi ne akwai sauran magana, ba ta faɗin dalilin zuwanta. Malamin da ya iya aikinsa cewa zai yi: "Amma busasshen wake ba zai tsira ba idan ledar cikin buhun ta huje, domin hikimar buhun ita ce hana iska shiga har ƙwari su mutu, don haka bari mu duba buhun." Da jin wannan, manomi ya san me ya sa batu na biyu ya biyo na farko. Tambaya ma takan yi wannan aiki: "Wake ya bushe, buhu lafiya lau, me ya rage?" Daga nan sai ya shiga bayanin matse iska da ɗaure kowane ninki daban.

Bayan haka, ya bar murya ta taimaka. A wajen tafsirin watan azumi, da zarar mai jan baki ya ja aya kowa ya san an shiga sabon zance. Wanda yake magana shi kaɗai kuwa sai ya yi ɗan shiru, ya dubi jama'a, sannan ya ɗaga murya kaɗan a kan sunan sabon batun.

Idan wani ya katse shi da tambayar farashin buhu, ya amsa a taƙaice, ya ce, "Mu koma kan maganar ɗauri." A ganina, waɗannan jimlolin haɗi su ne suka cancanci a rubuta kalma da kalma a 'yar takarda tun daga gida, ko da sauran jawabin za a yi shi ne da ka.