Darasi: Yadda Roka Ke Kai Tauraron Ɗan Adam Sama, da Misalin Indiya

Ku hura balan-balan, ku saki bakinsa. Iska za ta fita ta baya, shi kuma ya yi gaba a guje. Haka roka take aiki: tana ƙona makamashi, zazzafan hayaƙi ya feso ta gindinta, ita kuma ta cilla sama. Can sama babu iskar da wuta za ta ci da ita, don haka roka tana tafiya da manta, da kuma sinadarin da ke ba wutar oksijin.

Hawa sama kaɗai bai isa ba. Sai tauraron ya kai gudun kusan kilomita 28,000 a awa, yana tafiya a kwance, sannan zai zauna yana kewaya duniya. In gudun ya gaza, faɗowa zai yi. Shi ya sa roka takan tashi tsaye na ɗan lokaci, sannan ta karkata.

Samun wannan gudu yana cin mai ƙwarai, tankin da ya ƙare kuwa kaya ne kawai. Sai aka ƙera roka gaɓa-gaɓa kamar rake. Gaɓar da manta ya ƙare sai a yar da ita, ta sama ta kama da wuta.

Mu duba PSLV, rokar da ISRO, hukumar binciken sararin samaniya ta Indiya, ta fi aiki da ita. Tsawonta mita 44, nauyin samfurinta mafi girma tan 320, amma kayan da take kaiwa nisan kilomita 600, a kewayen da ke bi ta ƙarshen arewa da kudun duniya, bai wuce kilo 1,750 ba. Mafi yawan sauran nauyin mai ne. Gaɓoɓinta huɗu. Ta farko tana ɗauke da tan 138 na sandararren makamashi. Yana da ƙarfin tashi, amma in an kunna shi ba ya kasuwa sai ya cinye. Ta biyu mai ruwa-ruwa take sha ta injin Vikas, wanda ana iya kashe shi. Ta uku sandararre, ta huɗu ruwa, ita ce ke saita tauraron daidai inda ake so. Daga tsibirin Sriharikota, a gaɓar tekun gabas, ake harbawa, domin gaɓoɓin da aka yar su faɗa teku ba gari ba.

Abin lura a tarihin Indiya shi ne, yawanci ƙaramin abu ne ke kayar da babbar roka. An kafa ISRO a 1969 ƙarƙashin Vikram Sarabhai. A Agustan 1979, rokarsu SLV-3 ta faɗa tekun Bengal saboda bawul ɗaya a gaɓa ta biyu ya samu matsala, sinadari ya tsiyaye. Suka gyara, ranar 18 ga Yulin 1980 ta kai tauraron Rohini sama. Abdul Kalam ne ya jagoranci aikin, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa. A Agustan 2017 kuma duk injinan PSLV sun yi aikinsu, amma murfin da ke kare tauraro daga zafin gugar iska ya ƙi buɗewa, tauraron ya maƙale a ciki. Wata shida kacal kafin nan, irin wannan roka ta kai taurari 104 a tashi ɗaya.

Injin da ya fi ba su wahala shi ne mai aiki da haidurojin da oksijin da aka sanyaya har suka zama ruwa. Haidurojin sai sanyi ya kai digiri 253 ƙasa da sifili yake zama ruwa, ga shi famfo zai riƙa tura shi da tsananin gudu. Rasha ta amince za ta koya musu ƙera shi, amma ta janye a 1993 bisa matsin Amurka. Nasu na gida da suka gwada a Afrilun 2010 famfon mansa ya tsaya jim kaɗan da kunnawa. Sai ranar 5 ga Janairun 2014 ya yi aiki. Babbar rokarsu LVM3, mai tan 640, tana amfani da irin wannan inji a gaɓarta ta sama, kuma ita ce ta ɗaga kumbon Chandrayaan-3, wanda ya sauka a kan wata ranar 23 ga Agustan 2023.