Yadda za ka san aikin gini kafin ka ba ɗan kwangila

Fara da takardu. A tabbatar da takardar fili, mai safiyo ya kafa duwatsun iyaka, a fitar da zanen gida, injiniya ya rubuta kaurin rodi da zurfin harsashi. A Kano sai hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, ta amince da zanen, in ba haka ba wata rana ka tarar da jan fentin gargaɗin hukumar a bango.

A harsashi aka fi cin amanar mai gida, domin da an rufe shi ba mai sake ganinsa. A haƙa har a cimma ƙasa mai tauri, kada a tsaya a kan ciko. In tsohon kududdufi ne aka cike, a fara gwada ƙasar. Haɗin kankare da aka saba shi ne 1:2:4, wato buhun siminti ɗaya mai kilo 50 (daidai da kwano 2), yashi kwano 4, tsakuwa kwano 8, da kwanon da leburori ke ɗauka. Leburori na son cika masa ruwa don ya yi sauƙin zubawa, nan ƙarfinsa yake tafiya. Bayan zubi kuma a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, musamman da bazara, don sai ya yi kwana 28 yake ƙosawa. Kafin daɓe a danne cikon sosai, a shimfiɗa leda, kada danshi ya hau bango fenti ya riƙa ɓarewa.

Murza bulo da yatsa. In yana zubar da yashi, an yi rowar siminti. Murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo kusan 10, da wannan za ka auna lissafin da aka kawo maka.

Daga nan sai linta, rufi, wayarin da famfo, sannan filasta. A saki ruwa cikin bututu a ga ko yana yoyo tun kafin birkila ya rufe shi. Rodi ma ka ƙirga shi da idonka kafin a zuba kankare.

A rubuta yarjejeniya gaban shaidu: kuɗin aiki ne kawai ko har da kaya, wa'adi, da wanda zai ɗauki asarar aikin da ya lalace. Kada ka biya gaba ɗaya. Biya mataki-mataki, bayan injiniyanka ya duba, ka kuma riƙe kashi 5 cikin 100 har rufin ya ga damina ɗaya.