Kurakuran da ake yawan yi kan waƙar rashin barci ta Beatles, da yadda za a gyara su

Waƙar "I'm So Tired" ta Beatles, ƙungiyar mawaƙan Ingila mai mutum huɗu, minti 2 ce da 'yan daƙiƙu kawai, amma labaran da mutane suka ɗora mata sun fi ta tsawo nesa ba kusa ba, kuma da yawansu ba haka abin yake ba. Ni abin yana damuna gaskiya, don waƙar nan kuka ne na mutumin da barci ya ƙaurace wa idonsa, ya faɗi abin da ke cinsa ba ɓoye-ɓoye, sai ka ga an bar wannan an koma neman wani sirri da babu shi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce wai a Landan John Lennon, ɗaya daga cikinsu, ya rubuta ta, cikin hayaniyar sutudiyo, ko kuma wai shaye-shaye ne suka hana shi barci. A'a. A Indiya ya rubuta ta, a garin Rishikesh da ke bakin kogin Ganges, a farkon 1968, lokacin da su huɗun suka je wajen wani malami ɗan Indiya, Maharishi Mahesh Yogi, koyon zaman natsuwa da zurfafa tunani. Wurin ma an haramta giya da ƙwaya a cikinsa. Abin da ya faru shi ne mutum ya wuni a zaune ido rufe yana tunani, dare ya yi jiki bai gaji ba amma ƙwaƙwalwa ta ƙi tsayawa, haka ya yi ta juyi a kan gado har kusan sati 3, kuma ya ambaci satin ukun nan a cikin waƙar da bakinsa. Toh in za ka ba da labarin ka fara daga Rishikesh, in ka tsallake nan duk sauran bayanin karkacewa zai yi.

Sai maganar matar da yake kira a waƙar. Wasu suna ɗauka Cynthia ce tunda ita ce matarsa a lokacin, amma ai Cynthia tana tare da shi a Indiyan, wa zai yi kewar wanda ke kusa da shi har ya ce bari in kira ta? Yoko Ono ce a ransa, tana can nesa tana aiko masa da wasiƙu, shi kuma aurensa yana tangal-tangal, kafin shekarar ta ƙare aure ya mutu, a watan Maris na 1969 ya auri Yoko. In ka gane wannan sai ka ji waƙar daban, ka gane ba gajiyar jiki ce kawai ba, mutum ne da zuciyarsa ta rabu biyu kuma ba shi da wanda zai faɗa wa cikin dare. Ni dai ina tausaya wa Cynthia a labarin nan, kuma bai kamata a dinga share ta kamar ba ta wurin ba.

Akwai ƙanana guda biyu da gyaransu ba wuya. An rubuta Lennon da McCartney, wato John da abokin waƙarsa Paul McCartney, a jikin faifan, sai a ce tare suka rubuta, alhali yarjejeniya ce tsakaninsu tun suna samari cewa duk wanda ya yi waƙa a sa sunan su biyun, wannan kam ta John ce. Sannan ana haɗa ta da "I'm Only Sleeping" ta cikin albam ɗin Revolver na 1966, ita waccan mai son barci ne yake roƙo a ƙyale shi, wannan kuwa barcin ne ya ƙi zuwa, ka duba shekara kawai ka rabu da ruɗani.

Shi kuma Sir Walter Raleigh, wani bafaden Ingila na zamanin da, wanda John ya tsine wa a baiti na ƙarshe, saboda yana ta kunna sigari cikin dare haushi ya kama shi, mutane suna maimaita cewa shi ya fara kai taba Ingila. Ba shi ya fara ba, matuƙan jirgin ruwa sun riga shi, abin da ya yi shi ne ya sa shan ta ya zama abin yayi a fadar Sarauniya Elizabeth ta farko. Ka ce ya yayata ta, ka tsira.

Yanzu ga babbar tatsuniyar. A ƙarshen waƙar John ya yi wani gunaguni da ba a ji sosai, sai a 1969 aka baza jita-jita a Amurka cewa Paul McCartney ya mutu tun 1966 an sa wani mai kama da shi, ɗalibai da wani gidan rediyo a Detroit suka rura wutar, aka ce in ka juya faifan baya za ka ji John yana cewa Paul ya mutu yana kewarsa. Haba jama'a. Paul ya yi hira da mujallar Life yana gonarsa a Scotland, hirar ta fito a watan Nuwamba na 1969, kuma ya ci gaba da waƙa shekara da shekaru bayan nan. Abin da ke faruwa shi ne in aka riga aka faɗa maka abin da za ka ji, kunnenka zai ƙera maka shi daga kowane irin surutu. Gwajin mai sauƙi ne, ka juya sautin a waya ko kwamfuta, ka kunna wa wanda bai taɓa jin labarin ba, kar ka ce masa komai, ka tambaye shi me ya ji.

Inda na fi so mu tsaya shi ne ɗaukar waƙar, don nan ne masu sha'awar kiɗa suke yin asara. Saboda muryar ta fito a kasalance sai a ɗauka wai shiga kawai ya yi yana gyangyaɗi ya rera sau ɗaya aka wuce. Ba haka ba ne wallahi. Tun watan Mayu na 1968 sun yi gwajinta da jita a gidan George Harrison, ɗaya daga cikinsu, da ke garin Esher kusa da Landan, wato ta yi kusan wata biyar a hannu kafin a shiga da ita sutudiyon EMI da ke titin Abbey Road ranar 8 ga Oktoba 1968, George Martin ne furodusa. Sau 14 aka ɗauka kafin a samu wadda ta zauna, sannan aka ƙara muryoyi da jita da piyano a kai, a zama ɗaya da ya faro daga yamma ya kai har safiya, a daren ne ma suka ɗauki "The Continuing Story of Bungalow Bill". Garin da ya waye musu a ciki 9 ga Oktoba ne, ranar da John ya cika shekara 28. Albam ɗin da waƙar ke ciki ya fito 22 ga Nuwamba 1968, sunansa na ainihi The Beatles, farin bangonsa ne ya sa ake ce masa White Album.

Kasalar nan da kake ji shirya ta aka yi. Ka saurara da kyau, baitin farko murya a ƙasa, ganga tana tafiya a hankali kamar mai jan ƙafa zuwa masallaci da asuba bayan ya kwana bai runtsa ba, sai a zo amshi komai ya taso, jita ta yi kauri, Paul ya shigo da murya ta sama, John ya koma kusan ihu, sai kuma a sake faɗowa ƙasa. Haka rashin barci yake ai, ba lumshe ido ba ne daga farko har ƙarshe, gajiya ce da haushi suna karɓa-karɓa. Masu sake rera ta nan suke faɗuwa, wani ya yi ta duka a sanyaye har ta mutu a hannunsa, wani kuma ya ƙara mata sauri in an zo amshi don yana jin ƙarfi ya ƙaru. Gyaran shi ne ka riƙe saurin yadda yake, ƙarfin murya da na kiɗa ne kawai zai hau ya sauka, kuma kar ka cika ta da kayan kiɗa, ka bar wa shirun da ke tsakanin kalmomi wurinsa.

In kuma taka waƙar kake rubutawa kan dare irin wannan, kar ka tsaya kan cewa ka gaji kawai. John ya sa abubuwan da hannu ke taɓawa, tunanin tashi ya haɗa abin sha, sigarin da zai sake kunnawa, kiran da yake son yi amma ya san amsar da za a ba shi. Ka nemo gwajin Esher da aka fitar a 2018 lokacin cikar albam ɗin shekara 50, wanda Giles Martin ɗan George Martin ya kula da shi, ka saurare shi sannan ka saurari ta faifai a jere, ka riƙe biro ka rubuta abin da suka cire da abin da suka ƙara, sai ka ɗauko taka ka yi mata irin wannan tankaɗen kafin ka biya kuɗin sutudiyo.