Yadda na raba abincin gidana da leda

Shekara da shekaru ina ƙulla alale a farar leda in jefa a tafasasshen ruwa, kamar yadda maƙwabtana a unguwar Mabera ta Sakkwato suke yi. Wata rana ƙanwata mai karatun aikin jinya ta ɗaga ledar da na kwance, ta yi laushi, manja ya rine ta jawur. Ta ce, "Yaya, yadda mai ya shiga jikin ledar nan, haka abin da ke jikinta ya shiga cikin alalen." Maganar ta tsaya mini a rai, don yarana ne ke ci.

Zafi da maiƙo da daɗewa su ne ke tatso sinadarin roba zuwa cikin abinci. Alale kuwa ya haɗa zafin da maiƙon, don haka da shi za ki fara. Ki nemi ƙananan kwanonin silba, ki shafa mai, ki zuba ƙullun, ki jera a tukunya da ruwa kaɗan a ƙasa ki turara. Gwangwanin madara da ya fara tsatsa, zubar da shi.

Koko da ƙosan safe, ki ba yaro kula da langa ya tafi da su. Baƙar leda ta fi ba ni tsoro, domin galibi daga tsofaffin robobi ake narko ta, ba mai sanin me suka taɓa ɗauka. Tsire ma Maigida da kwano yake zuwa yanzu, saboda tawadar jarida na bin mai ta manne a nama.

Farar robar nan mai kama da soso da ake zuba shinkafa da miya, jihar Legas ta hana amfani da ita a Janairun 2024. In an kawo miki abinci a ciki, juye shi nan take.

Sai ruwa. A watan Afrilu zafin Sakkwato na wuce digiri 40, ga fiya wata jibge a rana tun hantsi. Ki saya inda aka ajiye a inuwa. Ni dai na koma wa randa.

In za ki sayi roba, kifa ta ki duba lambar gindinta. Mai 5 ta fi jure zafi. Mai 3 da 6 da 7, kada abinci mai zafi ya taɓa su. Ga mai goyo, nemi kwalbar jariri marar sinadarin roba da ake kira BPA, wanda Tarayyar Turai ta hana sawa a cikinta tun 2011.

Bokitin fenti da jarkar maganin feshi kuwa, ko sau goma aka wanke, kada ki jiƙa zoɓo ko ki zuba man gyaɗa a ciki. Nawa bokitin, shara nake kwashewa da shi.