Darasi na 9: Wayarka ma tana da adireshi

Assalamu alaikum iyayena da yayyena 'yan aji. Satin da ya gabata mun koyi rubuta adireshin gida, kowa ya rubuta unguwarshi, wasu Mabera wasu Runjin Sambo wasu Arkilla, har wata baba tamu ta rubuta "bayan masallaci, gidan da ke da dogonyaro a ƙofa" kuma daidai ta yi, don in ka ba direba saƙo a tasha ba ka gaya mashi inda za shi kai ba to saƙo ya ɓata. To yau adireshin waya za mu yi. Ba lambar da ake kiranka da ita nike nufi ba, akwai wata lamba daban da wayarka ke samu duk sadda ka kunna data, ita ake ce ma adireshin IP.

Ga yadda abin yake. In kin aika ma ɗiyarki murya a WhatsApp, ko ka buɗe Facebook, wayar tana aika buƙata ne zuwa wata babbar kwamfuta can nesa, wata ma a Turai take ko Amurka, ita kuma sai ta maido amsa. Amsar nan ina za ta biyo in babu adireshi? Shi ya sa kowace na'ura da ta hau intanet, waya ce ko kwamfuta ko POS ɗin da ke bakin Babbar Kasuwa, dole sai tana da shi.

Tsohon adireshi da yadda ya ƙare

Tsarin da anka daɗe ana amfani da shi sunanshi IPv4, tun 1981 anka fito da shi. Lambobi ne kashi 4 da ɗigo a tsakaninsu, kamar haka: 192.168.1.1. Kowa ya kwafe wanga a littafinshi, ku lura da ɗigon. Duka adireshin da tsarin zai iya badawa wajen biliyan 4.3 ne, kuma lokacin masu abin gani suke ya isa har ya yi yawa, don kwamfuta sai jami'o'i da ma'aikatun gwamnati, mu nan ma wayar hannu sai 2001 ta shigo Najeriya. Yanzu fa? Mutanen duniya sun kai biliyan 8 tun 2022, ga mai waya biyu, ga talabijin mai hawa intanet, ga kyamarar tsaro a shago. A watan Fabrairun 2011 babban rumbun da ake rabo daga cikinshi ya ƙare ƙarƙaf. Mu Afirka hukumar da ke raba muna sunanta AFRINIC, ofishinta yana tsibirin Morishus, ita ce ta fi daɗewa da ɗan saura amma ita ma tsakura take yi yanzu, har ta kai tsohon adireshi ya zama haja, kamfanoni na saye da sayarwa tsakaninsu.

Da abu ya yi ƙaranci sai anka yi dabara, kuma dabarar kun santa don cikinta munka tashi. Ku tuna babban gida irin na cikin gari, wajen Kanwuri ko Ƙofar Rini, gida ɗaya sassa goma amma zaure ɗaya, baƙo ba ya kutsa kai, sai ya yi sallama a zaure, dattijon da ke zaune nan shi ya san wane sashe ake nema. Haka kamfanin layi ke yi, sai ya tara mutane masu yawa a bayan adireshi ɗaya, shi kaɗai ya san wace amsa ta wace waya ce. Dabarar ta yi aiki amma tana da nata ciwon, in mutum ɗaya cikinku ya yi ɓarna a wani shafi anka toshe adireshin to har kai da ba ka san hawa ba ba ka san sauka ba sai a hana ka shiga, ko a riƙa tambayarka ka zaɓi hotunan mota don ka nuna kai mutum ne. Wanda abin ya taɓa samu a cikinku yanzu ya san dalili.

Sabon adireshi

Sabon shi ne IPv6. An tsara shi tun 1998, ranar 6 ga Yuni 2012 kuma manyan kamfanoni irin su Google da Facebook sunka kunna shi gaba ɗaya. Shi dogo ne, lambobi gauraye da haruffa daga a zuwa f, ana raba su da ɗigo biyu ɗaya bisa ɗaya, misali 2001:db8::1. Yawanshi kuwa sai ka rubuta 340 ka jera mata sifiri 36, kar wanda ya wahalar da kanshi neman sunan wagga lamba, abin da za ku riƙe shi ne kowace na'ura za ta iya samun nata ita kaɗai ba sai an raba da kowa ba. Ƙasashe irin su Indiya da Faransa da Jamus sama da rabin masu hawa intanet ɗinsu da shi suke hawa, mu Najeriya har yanzu muna baya sosai, saboda canza kayan aiki kuɗi ne, ga ƙarancin ma'aikatan da sunka ƙware, kuma tsohon da sabon ba su jin maganar juna kai tsaye, dole kamfani ya riƙe duka biyun lokaci guda ko ya sa masu tafinta a tsakani.

Ni dai a ganina sabon alheri ne kuma zuwa zai yi ko muna so ko ba mu so, abin da ya sa na zauna na rubuta wanga darasi shi ne kar ya iske mu ba mu shirya ba. Ku koma ma misalin gidan nan. In anka ce kowane sashe yanzu an fasa mashi ƙofarshi a bakin titi, saƙo zai riƙa isowa ba jira, to amma wa zai tare baƙon da ba a gayyata ba? Dattijon zaure dauri ba don gadi anka ajiye shi ba, rabon saƙo ne aikinshi, sai dai zamanshi wurin kaɗai yana hana na waje faɗawa ciki. A sabon tsari akwai abin da ke yin gadin, ana ce mashi fayawol, wata katanga ce cikin na'ura da ke hana duk wanda ba kai ka fara nemanshi ba shigowa. Rauta mai kyau, wato na'urar da ke raba intanet a gida ko shago, da ita take zuwa a kunne, masu arha da tsofaffi su ne abin dubawa. Akwai kuma wata matsalar, tunda tsoho da sabo tare suke aiki a na'ura ɗaya, sai mai gyara ya kulle ƙofar tsohon ya manta da ta sabon don bai ma san tana buɗe ba. Haka matasan da ke sa VPN don ɓoye adireshinsu, wasu VPN ɗin tsohon kaɗai suke rufewa sabon yana nan a fili.

Nan nike son masu shago su saurara da kyau. Wani ɗalibinmu mai saida atamfa ya sa kyamara a shagonshi don ya riƙa gani ta waya, na tambaye shi faswod ɗin kyamarar, wato kalmar sirrin shigarta, mi ne, ya ce wallahi malam yaron da ya haɗa bai ba shi komai ba. Da munka duba sai ga shi wanda ta zo da shi daga kamfani ne, admin, kuma duk mai irin wagga kyamara a duniya ya san shi. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, don bawan Allah ya kashe kuɗinshi ne don ya tsare dukiyarshi. Irin wanga sakaci ne a 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi ta kame dubban kyamarori da rauta a duniya, ba wata dabara ta yi ba illa gwada faswod ɗin kamfani ɗaya bayan ɗaya, anka haɗa su anka kai hari har manyan shafuka irin su Twitter da Netflix sunka tsaya ma mutane da yawa a Amurka. Tun ana cikin tsohon tsari ke nan fa. Don haka duk abin da ka saya mai hawa intanet, MiFi ne, wato ƙaramar rauta ta aljihu, ko rauta ko kyamara, ranar da ya shigo hannunka ranar za ka canza faswod, ka sa yaron ya nuna maka wurin amma kai za ka rubuta da hannunka, ai don irin wannan munka zo koyon rubutu. Kuma kar a sa shekarar haihuwa ko lambar waya ko 1234.

Maganar sirri

Tambayar da mata sunka fi yi min ita ce, malam in mutum ya san adireshin nan zai iya zuwa har gidana? Hajiya ki kwantar da hankalinki. Adireshin IP yana nuna kamfanin layinki da ƙasa, wani lokaci da gari, shi ma garin sau da yawa kuskure ne, kina zaune Gawon Nama ya nuna Legas ko Abuja. Sunanki ko ƙofar gidanki ba su ciki. Kamfanin layi shi ne ya san wa ke riƙe da wane adireshi a wane lokaci, tunda layinmu an haɗa shi da NIN tun daga ƙarshen 2020, kuma akwai dokar kare bayanan jama'a da anka sa ma hannu a 2023 wadda ta hana a riƙa watsa bayanin mutum yadda anka ga dama. Saboda haka in wani ya kira ya ce ya ga IP ɗinki, ki turo kuɗi ko ki karanto mashi lambar da ta shigo wayarki in ba haka ba za a rufe maki akawun, ɗan damfara ne, ki kashe wayarki. PIN da BVN da lambar nan da banki ke turowa ba a gaya ma kowa, ko da ya ce daga bankin yake.

Amma akwai inda sabon ya taɓa sirri da gaske. Farkon fitowarshi, rabin adireshin na ƙarshe daga lambar jikin na'urar ake ɗauko shi, ita kuwa ba ta canzawa, kamar shaidar da ake yi ma raƙumi da wuta. Ka hau intanet a Sakkwato, gobe ka hau a Illela, jibi a Birnin Kebbi, farkon adireshin ya canza amma wutsiyar tana nan, mai bin diddigi sai ya gane mutum ɗaya ne kuma ga inda ya bi. A 2001 anka kawo gyara, anka ƙara inganta shi a 2007, na'ura ta riƙa ƙirƙiro wutsiya ta wucin gadi tana canza ta akai-akai. Wayoyin Android da iPhone na yanzu da kansu suke yin haka, ƙananan kaya irin su tsohuwar kyamara ko talabijin ne wasunsu har yau ba su yi. Shi ya sa in waya ta ce a yi mata ofdet, wato a sabunta manhajarta, kar ku riƙa danna "anjima" wata da watanni, na san data tsada gare ta, amma cikin ofdet ɗin nan ake toshe ɓarakar da anka gano. Wi-Fi na kyauta kuma da ba ku san mai shi ba, a kalli bidiyo da shi in ana so, banda harkar banki.

Aikin gida

Kowa ya shiga setin ɗin wayarshi, ya gangara ƙasa wurin bayanin waya, ya nemo inda anka rubuta IP, in rubutun Turanci ya yi wuya jika ko ɗa ya taimaka amma kai za ka danna. Ka duba ɗigo ɗaya-ɗaya ne ko ɗigo biyu-biyu ko duka suna nan, in ka ga wanda ya fara da fe80 wannan na cikin gida ne ba ya fita waje. Ka rubuta a littafi "tsoho" ko "sabo" ko "duka biyu", sannan ka kashe data ka sake kunnawa ka ga ko lambar ta canza. Masu MiFi ko rauta ku juya bayanta ku ga ko faswod ɗin da ke jikin takardar shi kuke amfani da shi har yanzu, in shi ne ku taho da ita ranar Asabar bayan La'asar da cajinta a cike mu canza tare a aji.