Ruwan wanke gilashin motarka yana ƙarewa da wuri? Ga yadda zaka gano inda yake yoyo ka gyara

Ka cika tankin ruwan gilashi jiya da yamma, yau da safe kana kan titi wata babbar mota ta watso maka taɓo, ka ja sandar waifa sai kaji famfo yana ta kuka amma ko ɗigo bai fito ba, waifa kuma ta bi ta dama taɓon a fuskar gilashin gaba ɗaya. Duk wanda abin nan ya taɓa samu yana cikin gudu ya san ba ƙaramin abu bane. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, toh ka lissafa daƙiƙa uku da baka ganin gabanka. Shi yasa ni raina yake ɓaci idan naga mutum ya share wata da watanni tankin nan a bushe wai ai ba wani abu bane.

Abinda nake so ka riƙe tun daga farko shine kar ka sayi komai sai ka ga inda ruwan yake fita da idonka. Mutane da yawa famfo suke fara canzawa, wasu ma tankin gaba ɗaya, alhali sau da yawa wata 'yar roba ce da bata fi zobe girma ba ta bushe, ko tiyo ya zare daga mahaɗarsa. Ruwan da kansa zai nuna maka wurin idan ka yi haƙuri ka bi sawunsa.

Da farko ma ka tabbatar ruwan gilashin ne yake zuba. Idan ka ga ruwa fari tas mara wari a ƙarƙashin mota wajen ƙafar fasinjan gaba bayan ka yi tafiya da esi a kunne, wannan ruwan esi ne kuma lafiya lau ne, ƙyale shi. Ruwan lagireto yana da santsi a yatsa da wani wari mai zaƙi-zaƙi, man birki kuma mai ne sosai, idan shi ka gani to wallahi ka ajiye maganar gilashi ka fara da birki kafin motar ta motsa. Ruwan gilashi shi tsinkakke ne kamar ruwa, yawanci shuɗi, wani kore ko ruwan hoda ko ruwan lemo, yana warin sabulu da barasa-barasa, kuma yana saurin bushewa. Kar ka dogara da kala kaɗai domin akwai ruwan lagireto shuɗi da kore shima. Kuma don Allah kar ka ɗanɗana, yawancinsu akwai sinadarin metanol a ciki wanda guba ne, kaɗan daga cikinsa yana iya makantar da mutum. Saboda haka ne ma Tarayyar Turai ta hana sayar da ruwan gilashin da metanol ɗinsa ya kai kashi 0.6 cikin 100 tun daga watan Mayun 2019, amma a wurare da yawa har yanzu da shi ake haɗawa.

Shi tsarin ba wani mai wuya bane. Akwai tanki na roba mai cin kamar lita 2 zuwa 5 gwargwadon mota, wanda bakinsa kawai kake gani idan ka buɗe bonet, murfin yawanci shuɗi ko rawaya ko baƙi da hoton gilashi da feshin ruwa, amma cikin tankin yana can ƙasa a bayan bamba ko a bayan robar nan da ke rufe saman tayar gaba. A gindin tankin an soka ɗan famfo mai aiki da wutar batir bolt 12, ba a ɗaure yake da noti ba, turashi kawai ake yi cikin wata roba mai rami wadda ita ke hana ruwa fita. Daga famfon sai siririn tiyo, ramin cikinsa wajen milimita 4, ya hau har bonet ya rabu biyu a wata 'yar mahaɗa zuwa bakunan feshi. Idan motar tana da waifar baya to akwai wani dogon tiyon da ya ratsa jikin motar har ƙofar but. Shikenan.

Yanzu gwajin. Ka ajiye motar a wuri mai daidai wanda yake a bushe, inji a kashe ya huce, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin gaban motar ɓangaren da tankin yake. Ka cika tankin da ruwan banza, wato ruwa zalla, har baki, kar ka ɓata ruwan gilashi mai kyau a gwaji, sai dai idan wurin da kake ana sanyin da ruwa ke daskarewa to kar ka bar ruwan banzan ya kwana a ciki. Sai ka tsaya kana kallo, kar ka taɓa sandar waifa tukuna.

Idan ruwa ya fara ɗiga mota na tsaye ba ka taɓa komai ba, matsalar tana jikin tanki ne ko abinda ke manne da shi. A nan akwai wata dabara da nake ganin ta fi komai amfani, ka bar shi ya yi ta zuba har ya tsaya da kansa sannan ka duba inda ruwan ya tsaya, domin ruwa ba zai sauka ƙasa da ramin da yake bi ba. Idan ya ɗan sauka kaɗan ya tsaya to wuyan tankin ne, a motoci da yawa wuyan daban yake ana cusa shi ne cikin tankin da zoben roba a tsakani, kuma wannan mahaɗar tana yawan sakewa. Idan ya tsaya a tsakiya to ko dai tanki ya tsage a gefe ko kuma robar sensar da ke kunna maka alama a dashbod idan ruwa ya yi ƙasa. Idan kuwa ya tsiyaye kaf har ƙasa, kusan kullum robar famfo ce ko kuma jikin famfon ne ya tsage.

Idan kuma ka jira minti goma sha biyar kwali a bushe yake, to yoyon sai an matsa ruwan yake fitowa, kenan yana kan layin tiyo. Nan kana buƙatar mutum na biyu. Ka buɗe bonet, shi ya zauna a ciki ya murɗa makulli ba tare da ya tada inji ba ya ja sandar, kai kuma ka bi tiyon da tocila tun daga famfo har bakin feshi, ka janye hannunka daga inda ƙarafan waifa ke motsi. Kar ya riƙe sandar fiye da 'yan daƙiƙu a lokaci ɗaya, ɗan famfon nan ba a yi shi don dogon aiki ba, kuma idan ya yi ta juyawa babu ruwa ƙonewa yake yi.

Wurin farko da zaka duba shine inda tiyo ya ketara daga jikin mota zuwa bonet kusa da hinji. Duk lokacin da aka buɗe bonet aka rufe sai tiyon ya lanƙwashe a wannan wurin, ga zafin inji yana gasa shi shekara da shekaru, ƙarshe sai ya bushe ya tsage ko hinjin ya datse shi. Sai mahaɗar da ta raba ruwa biyu, roba ce mai ƙarfi da ke karyewa idan ta tsufa. Sai ɗan bawul ɗin da ke kan layin wanda aikinsa hana ruwa komawa tanki, shima yana tsagewa. Idan bonet ɗinka yana da wannan baƙin bargon na ciki ka taɓa shi, in kaji shi a jiƙe to yoyon yana ɓoye a bayansa, ka ciro kilif ɗin a hankali ka duba. Ɓeraye ma suna cin tiyo musamman motar da ta daɗe a ajiye, zaka ga alamar haƙori.

Wani abu da mutane basa lura da shi, idan tiyo yana yawan zarewa ka mayar ya sake zarewa, laifin ba na tiyon bane, bakin feshi ne ya toshe, famfo ya turo ruwa ya rasa hanya sai ya fizge mahaɗar da ta fi rauni. Ka sa siririyar allura ka buɗe ramin a hankali, ko ka cire tiyon ka hura iska ta baya. Amma irin bakin da ke watsa ruwa kamar hazo ba a soka masa allura, ɓata shi zaka yi, wankewa ake yi ko a canza.

Yoyon tiyon gilashin baya ya fi wahalar ganewa saboda ba ya zuba a ƙasa, cikin mota yake zubawa. Ka ja na baya kaji famfo na aiki amma ruwa bai fito ba, bayan kwana biyu ka ga tabo a rufin mota ta ciki ko kafet ya jiƙe ko ramin safaya ya tara ruwa mai warin sabulu. Ka fara da baƙar robar nan mai kama da maƙogwaro da ke tsakanin jikin mota da ƙofar but wadda wayoyi ke bi ta ciki, a nan tiyon ya fi karyewa. Wannan kar ka yi masa jinkiri, a wasu motocin akwai na'urorin lantarki a but da ƙarƙashin kafet kuma ruwa idan ya shige su gyaran ya wuce maganar tiyo. Motocin da ke da mai wanke fitilun gaba kuma suna da nasu famfon da nasu tiyon mai kauri a bayan bamba, kuma baya aiki sai fitila na kunne, don haka idan ka lura ruwanka da daddare yake ƙarewa ka yi gwajin da fitila a kunne.

Toh gyara. Na tiyo shine mafi sauƙi, ka yanke wurin da ya lalace da reza ka daidaita bakin, ka haɗa biyun da 'yar mahaɗa ta roba mai daidai girmansa. Idan tiyon ya yi tauri ya ƙi shiga ka tsoma bakinsa a ruwan zafi na ɗan lokaci zai yi laushi ya shige, in ya huce kuma ya kama gam. Idan ka matsa tiyon kaji ya bushe ƙamas duk tsawonsa to canza shi duka ya fi, in ba haka ba wata mai zuwa wani wurin zai ɓalle. Naɗe shi da salatif ba gyara bane, zafin inji zai sake shi cikin 'yan kwanaki. Idan ka cire bawul ka lura da kibiyar jikinsa, tana kallon bakin feshi ne, in ka juya shi ruwa ba zai wuce ba sam. Kuma ka mayar da tiyon cikin kilif ɗinsa ka bar masa ɗan sako-sako a wajen hinji, ka buɗe bonet ka rufe sau biyu ka ga ba ya matsewa.

Na robar famfo sai ka kai hannu ga tankin. A wasu motocin murɗa sitiyari zuwa ƙarshe ya isa ka kwance robar saman taya ka ga komai, a wasu sai ka cire tayar. Idan zaka ɗaga mota da jek ka sa mata abin tokarewa mai ƙarfi, kar ka taɓa sa kanka ko hannunka a ƙarƙashin motar da jek kaɗai ke riƙe da ita, wannan ba abin wasa bane. Ka tara bokiti, ka zare soket ɗin wuta, ka zare tiyo, idan tiyo biyu ne a jikin famfo ɗaya ka yi musu alama ko ka ɗauki hoto da waya domin in ka musanya su zaka ja na gaba ruwa ya fito a baya. Sai ka jijjiga famfon ka ciro shi. Ka duba robar, in ta yi tauri ko ta tsattsage ko ta kumbura ka canza ta, ka goge ramin tankin da kyau, ka fara sa robar a jikin tanki tukuna sannan ka tura famfon, ka jiƙa shi da ruwan sabulu don ya shige. Kar ka shafa masa giris ko man inji, suna kumbura roba. A wasu motocin robar tana haɗe da 'yar rariya, zaka same ta cike da wani kauri-kauri kamar majina, ka wanke tankin sosai tunda ka riga ka buɗe. Famfon shima ka share shi ka duba inda rabinsa na sama ya haɗu da na ƙasa, in daga nan yake tsatsa ba a gyara shi, sabo zaka sa.

Tankin da ya tsage shine inda mutane suka fi ɓata lokaci. Irin robar da ake yinsa da ita gulu baya kama ta, sufa gulu zai riƙe kwana biyu ya ɓare, silikon ma haka. Idan tsagar ƙarama ce a fili, ka cire tankin ka busar da shi, ka huda ɗan ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kar ta ci gaba, sannan ka narka wurin da ƙarfen soda kana cika shi da guntun roba irin tasa, a waje mai iska saboda hayaƙin. Idan kuwa tsagar ta bi ta ramin famfo ko ta ɗinkin tsakiyar tankin, ni dai shawarata ka nemi wani tankin kawai. Tsagewa irin wannan yawanci daga biyu ne, ko an taɓa buge bamba ta wannan kusurwar, ko ruwan banza ya daskare a ciki lokacin sanyi, domin ruwa idan ya zama ƙanƙara yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, kuma ba tanki kaɗai yake fasawa ba har famfo da mahaɗai.

Kafin ka mayar da robar taya ka sake cika tankin har baki, ka shanya sabon kwali, ka jira, ka gwada na gaba da na baya da na fitila in akwai, sannan ka rufe. Daga nan ka zubar da ruwan gwajin ka sa ruwan gilashi na gaskiya wanda ya dace da sanyin wurin da kake. Kar ka zuba garin sabulu ko sabulun wanke-wanke, suna yin kauri-kauri su toshe rariya da bakin feshi kuma ka dawo kan matsalar zarewar tiyo, ruwan lagireto kuwa kar ya kusanci tankin nan ko kaɗan, yana shafe gilashi da maiƙo ya kuma ɓata fenti. Ka yi wa tankin alama a inda ruwan ya tsaya, da safe kafin ka tada mota ka buɗe bonet ka sake dubawa.