Darasi na 7: Guduma, Ƙota Da Raunin Hannu A Wurin Gini

Malamai magina da 'yan uwa leburori, yau zancen kayan aikinmu zamuyi. Nan Sakkwato kun san yadda bazara take, watan 4 zafi kan wuce digiri 40, kafin nan kuma iskar hunturu ta gama busar da komai, to itacen ƙota ma bushewa yakeyi ya tsuke, shi yasa zakaga kan guduma ko diga yana girgiɗi, mutum ya ɗaga zai buga kawai kan ya fice ya sami yaron dake bayanshi da kwanon siminti a ka. Wasu sai su tsoma ƙotar cikin ruwa suce ta kama. Ta kama na yau ne kawai, gobe ta sake bushewa. A buga mata guntun ƙarfe ko katako ta sama ya cika ramin, in kuma ta tsage a sake wata, kar a ɗaure da roba ana lallaɓawa.

Cizal ɗin fasa kankare shima a duba kanshi. In ya baje saboda duka, ɓarɓashin ƙarfe na iya tsalle ya shiga ido. In hakan ta faru kar a murza, a rufe idon a wuce asibiti.

Abinda yafi damuna shine abinda akeyi bayan an yanke. Wallahi har yanzu ana zuba baƙin mai ko ƙasa ko siminti akan ciwo wai don jini ya tsaya. Siminti ƙona nama yakeyi, ƙasa kuwa nan ƙwayar cutar tetanas take zama, ita da kashin dabbobi, wato ciwon nan dake sanƙarar da jiki ya sarƙe haƙora, kuma baya nunawa nan take, yakan ɗauki kwana 3 zuwa 21. A danne wurin da tsumma mai tsabta kamar minti 10, a ɗaga hannun sama, jini ya tsaya a wanke da ruwa mai kyau da sabulu.

Wanda ƙusa ta soka, ko da bakin ciwon ɗan mitsitsi ne, yaje asibiti a ranar a duba ko yana buƙatar allurar tetanas. Maigida, dan Allah ka barshi ya tafi, kar ka yanke mai kuɗin yini.